Ƙugiya huɗu a fuskar allo: tarihin haruffan Hausa daga alƙalami zuwa shafin intanet

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin yaƙi da jahilci, ko ajin farko a makarantar harsuna biyu, ya san ranar da karatu ke isowa kan haruffan nan huɗu masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A ranar ce yake nuna wa masu koyo cewa doki dabam, ɗoki dabam, cewa fada ta sarki ce, faɗa kuwa na masu husuma ne, kuma wanda ya rubuta kare alhali ƙare yake nufi ya saki dabba a cikin jimlarsa. Ɗan lanƙwasan da bai kai ƙwayar gero ba shi ke raba ma'ana da ma'ana. Sai dai wanda ya koyi wannan darasi da safe, in ya buɗe wayarsa da marece a kasuwar Bambeye ko a tashar motar Tawa, yawancin Hausar da zai tarar a rubuce ba ta ɗauke da ƙugiya ko ɗaya.

Wannan giɓi yana da tarihi. Tun daga injin ɗab'i har zuwa kwamfuta, kowace na'urar rubutu ta iso ƙasar Hausa ne an riga an ƙera ta domin harshen wasu, sai daga baya a shiga fafutukar nemar wa Hausa gurbi a cikinta. Shafin intanet shi ne zango na baya-bayan nan a wannan doguwar tafiya, kuma ya sha bamban da na baya ta fuska guda: a wannan karo gurbin ya samu, saura masu harshe su shiga su zauna.

Zamanin alƙalami

Rubutun Hausa ya girmi zuwan Turawa, kuma Adar da maƙwabtanta suna cikin wuraren da ilimi ya yi saiwa tun da daɗewa. A Maratta, kusa da Galmi, cikin jahar Tawa ta yau, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, malaminsa kuma, Jibrilu ɗan Umaru, ya yi zama a ƙasar Adar. Malaman da suka rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu da ajami sun tarar cewa baƙaƙen Larabci ba su tanadi wasu sautukan Hausa ba, sai suka yi dabara. Sun ɗora sautin ƙ a kan harafin ƙaf, sautin ɗ a kan ɗa mai hannu, suka ƙara masa ɗigo uku domin ts, sa'an nan suka aro ɗigon imala daga ƙira'ar Warshu domin wasalin e. Alƙalamin kara bai taɓa ƙin wata alama ba, domin abin da hannu ya so shi yake zanawa. Wahala ta soma ne ranar da aka ce sai an zuba harafi da darma kafin ya hau takarda.

Daga Zariya zuwa Bamako

Turawan mishan na ƙarni na 19, irin su J. F. Schön wanda ƙamusunsa ya fito a 1876, sun rubuta Hausa da haruffan Latin ba tare da sun rarrabe k da ƙ yadda ya kamata ba. A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko domin makarantun Arewacin Najeriya. An daɗe ana gwada hanyoyi, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gabansa. Cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926 ta yi kira da a ba kowane sauti harafinsa, bisa hujjar cewa ɗigo da makamantansa sukan ɓace a hannun mai sauri. A cikin shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi ta Zariya, ƙugiya ta samu karɓuwa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fitowa a Janairun 1939 tare da Abubakar Imam a matsayin edita, ta taimaka wajen sabar wa idon jama'a da boko daidaitacce.

A gefen Nijar labarin dabam ne. Makarantar mulkin mallaka ta Faransa ba ta koyar da Hausa ba, sunayen garuruwa ma da kunnen Bafaranshe aka rubuta su: Tawa ta zama Tahoua, Maraɗi ta rasa ƙugiyarta, Ƙonni ta koma Konni. Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 aka buɗe ayyukan yaƙi da jahilci cikin harsunan gida. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tsara haruffan Hausa, Fulatanci, Tamajak, Zabarmanci, Barbarci da Mandinganci, kuma daga nan Nijar ta ɗauki salon ninka wasali domin nuna tsawonsa, kamar yadda aka riƙa gani a jaridar Ganga ta masu koyon karatu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 aka kafa cibiyar INDRAP mai tsara littattafan makaranta. Taron Yamai na 1980 ya kusantar da rubutun Nijar da na Najeriya, aka bar ninka wasali. Ƙudurin ma'aikatar ilimi na Oktoban 1999 ya tabbatar da ƙa'idojin rubutun, dokar Disamban 2001 kuma ta jera harsunan ƙasa guda goma.

Bambanci ɗaya ya saura tsakanin ƙasashen biyu. Najeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Mutumin Adar ya fi kowa sanin asalin wannan sauti, domin inda Bakano zai ce ƴa, shi ɗiya yake cewa, kuma masana harshe sun nuna cewa daga ɗiya ɗin nan ne ƴ ta samo asali. Ƙugiyar da ke kan harafin tana tuna wa mai karatu ɗ da ta narke a cikinsa.

Tafireta da kwamfuta

Yarjejeniyar masana ba ta sauya injinan da ke ofisoshi ba. Tafiretar da ta zo daga Faransa tana da é da ç, ba ta da ɓ. Magatakarda yakan buga b, d, k, sa'an nan ya bi takardar da biro yana ƙara lanƙwasa, in aiki ya yi yawa ya bar su haka nan.

Kwamfuta ta zo da irin wannan ƙunci ta wata hanya. Ita lamba ta sani, saboda haka kowane harafi sai an yanka masa lamba. Jadawalin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 gare shi, na Ingilishi zalla. Jadawalin da aka faɗaɗa a 1987 domin harsunan Yammacin Turai ya wadatar da Faransanci kusan gaba ɗaya, bai kuwa san da ƙugiya ba. Saboda haka ma'aikatun da ke buga littattafan harsunan gida suka koma ga wata dabara: su ƙera zubin haruffa nasu, wato siffofin da kwamfuta ke zanawa a allo, su kori wata alama da ba a cika amfani da ita ba, su zana ƙ a gurbinta. A kan takarda abin yakan fito tsaf. Amma da an kai rubutun wata kwamfuta wadda ba ta da wannan zubi, sai alamar da aka kora ta dawo gidanta, a ga wani baƙon abu a tsakiyar kalma. Littafin da aka yi shekara ana rubutawa yakan zama ba ya karantuwa a ofishin da ke maƙwabtaka.

Maganin ya zo da Unicode, jadawalin da ya soma fitowa a 1991 da nufin ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin. Haruffan Hausa takwas, manya da ƙanana, suna cikinsa tun farko-farko, domin akwai wani jadawalin haruffan Afirka da hukumar ISO ta fitar a 1983 wanda ya share musu fage. Sai dai an raba su gida biyu: ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin nazarin furuci, manyansu tare da ƙ da ƴ suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan Latin. Masu ƙera zubi sukan zana wani rukuni su bar wani, shi ya sa shekaru da dama akan ga harafi ɗaya ya fito, ɗan'uwansa ya zama ɗan akwati fanko.

Yadda ake gina fuskar shafi

Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. Ɓangaren da mai karatu ke gani da taɓawa, wanda za a iya kira fuskar shafi, da abu uku ake gina shi. HTML shi ne tubali da ginshiƙi, shi ke cewa nan take ne, nan sakin layi, nan hoto. CSS, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1996, shi ne yaɓe da zane: launi, girman harafi, faɗin layi. JavaScript, wanda ya fito a 1995, shi ke sa shafi ya motsa, ya amsa wa yatsan mai karatu.

A shekarun farko shafi ba ya tafiya da haruffansa, da abin da ya tarar a kwamfutar mai karatu yake aiki. Mai tsara shafin Hausa ba shi da tabbacin cewa ƙ da ya rubuta a Yamai za ta bayyana a Kano, don haka mafi yawa suka zaɓi jefar da ƙugiya, har da manyan gidajen rediyon waje masu sashen Hausa. Abin da ya soma bisa lalura ya zama ɗabi'a, tsara guda ta tashi tana ganin Hausa ba ƙugiya a wuraren da take ɗauka su ne ma'auni.

Abubuwa uku suka kawar da wannan lalura. Na farko, tsarin UTF-8, wanda aka ƙirƙira a 1992 domin ɗaukar lambobin Unicode, ya zama mafi rinjaye a intanet wajen 2008, a yau kuma kusan dukkan shafuka da shi suke aiki. Na biyu, daga wajen 2010 shafi ya samu ikon tafiya da zubin haruffansa, ya sauke shi a wayar mai karatu. Na uku, an samu zubi kyauta masu ɗauke da haruffan Afirka cif, irin su Charis, Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, na ƙarshen ma domin masu koyon karatu aka zana shi, da kuma jerin Noto na kamfanin Google, wanda aka yi shi musamman domin kawar da ɗan akwatin nan fanko.

Nijar ta ga amfanin wannan sauyi a aikace. Ƙamusun Hausa da Faransanci na makarantun firamare da shirin Soutéba ya buga a 2008 yana cikin waɗanda shirin DiLAF, ƙarƙashin Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot tare da masanan harshe na Nijar, ya mayar da su bisa Unicode ya ɗora a intanet, tare da na Zabarmanci, Barbarci da Tamajak. Wani sashe na wahalar aikin shi ne bin rubutun ana mayar da kowane harafi ga lambarsa ta gaskiya. Darasin a fili yake: rubutun da aka adana bisa ƙa'ida yana rayuwa bayan na'urar da aka buga shi da ita ta mutu.

Adar ta shiga ta ƙofar waya

Intanet ta iso Yamai a rabin ƙarshe na shekarun 1990, amma ta daɗe tana ofisoshi da shagunan haya na birni. Wayar salula ce ta ratsa karkara, daga 2001 zuwa gaba. A lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta aika da tallafin kuɗi ta waya ga magidanta a wasu ƙauyukan jahar Tawa, shekarar da aka kafa jami'ar Tawa, wadda a yau ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, marubucin tarihin Adar. Ƙasa ce ta ƴan ci-rani, kuma zumunci tsakanin gida da Abijan ko Libiya ko biranen Najeriya a kan waya yake tafiya, da saƙon murya fiye da rubutu. Yawancin mutanen Bambeye da ƙauyukanta da suka taɓa buɗe shafin intanet a tafin hannu suka buɗe shi, ba su bi ta kwamfutar tebur ba.

A nan ne ra'ayoyin masu tsara shafuka na wannan zamani suka haɗu da bukatar Adar. A 2009 Luke Wroblewski ya yi kira da a riƙa soma tsara shafi daga ƙaramar waya kafin babban allo. A 2010 Ethan Marcotte ya bayyana dabarar shafi mai miƙewa da tsukewa gwargwadon faɗin allon da aka buɗe shi. A 2016 masu shiga intanet ta waya da makamantanta suka zarce masu shiga ta kwamfuta a duniya. Abin da Turai ta iso gare shi a hankali, da shi karkarar Nijar ta fara.

Amma akwai wata ɗabi'a ta zamani da ke ja da baya. Shafuka sun yi nauyi. Ƙididdigar HTTP Archive ta 2024 ta nuna cewa matsakaicin shafi a waya ya haura megabait 2, mafi yawa hotuna ne da tarin JavaScript. Ga mai sayen kati kaɗan-kaɗan, a wurin da layi ke zuwa yana ɗaukewa, irin wannan shafi ƙofa ce a rufe. Shi ya sa ƙwararru ke komawa ga wata tsohuwar ƙa'ida: a fara da rubutu tsantsa wanda kowace waya za ta iya buɗewa, a rage nauyin hoto, ado ya biyo baya ga wanda wayarsa da layinsa za su ɗauka. Tun wajen 2015 kuma akwai dabarar da ke sa shafi ya ajiye kansa a cikin waya, a karanta shi ko babu layi, abin da zai yi wa malamin ƙauye amfani ƙwarai. Adar ba baƙuwar wannan hikima ba ce. Magini Falke Barmu ya gina masallacin Yama da ƙasa da itacen wurin, daidai da ƙarfin mutanen garin, kuma ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Inda ƙugiya ke faɗuwa a yau

Neman sauƙin nauyi shi ma yana da tarkonsa. Domin rage girman zubin haruffa, masu tsara shafi sukan yanke shi su bar haruffan Yammacin Turai kaɗai. In aka yi haka, waya takan aro ƙ daga wani zubi dabam, sai harafin ya fito ya fi ƴan'uwansa kauri ko tsawo, kamar baƙo a cikin sahu. Gyaran ba shi da wuya: a tabbatar haruffan nan takwas suna cikin abin da aka bari.

Akwai kuma alamar harshe. Kowane shafi yana iya shaida wa na'ura harshen da aka rubuta shi, lambar Hausa ita ce ha, ta Hausar Nijar kuma ha-NE. Ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu lalura, waɗanda aka fara fitarwa a 1999 aka sabunta a 2008, 2018 da 2023, sun wajabta wannan alama, domin da ita manhajar da ke karanta wa makaho rubutu take sanin harshen da ke gabanta. Shafin Hausa da aka bari da alamar Faransanci, da lafazin Faransanci za a yi ƙoƙarin karanta shi.

Sai matsalar nema. A wurin kwamfuta k da ƙ lambobi ne mabambanta, haka ƴ da 'y, kuma waƙafin da ke cikin sana'a ko a'a yana da siffofi fiye da ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta ƴanci a akwatin nema na wani shafi yana iya rasa rubutun da aka buga da 'yanci ko yanci. Mai tsara shafi nagari yakan koya wa akwatin nema ya haɗa waɗannan siffofi, ba tare da ya taɓa rubutun asali ba. Daɗin daɗawa, na'urorin fassara, waɗanda Hausa ta shiga cikinsu tun da Google ya ƙara ta a 2013, daga rubutun da ke intanet suke koyo. In aka shayar da su Hausar da ba ta rarrabe baki da baƙi, irinta za su mayar wa jama'a.

Ajami ma ya samu rabonsa. Unicode ya ƙara siffofin fa, ƙaf da nun irin na rubutun Warshu a 2016, kuma SIL ta fitar da zubin Harmattan da na Alkalami, wanda aka zana bisa hannun malaman yankin Kano. HTML yana da alamar da ke juya layi daga dama zuwa hagu. Tifinag na Abzinawa, maƙwabtan Adarawa ta arewa, ya shiga jadawalin tun 2005. Shafi guda yana iya ɗaukar boko da ajami da tifinag a jere, abin da ƙananan maɗaba'u suka daɗe suna kasawa.

Kammalawa

A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Matsayi irin wannan yana tafe da takardu, sanarwoyi, darussa da shafukan hukuma, kuma yadda aka rubuta su shi zai zama ma'aunin yaran da ke tasowa. Abin da Vischer, East, masanan Bamako da ma'aikatan INDRAP suka yi fama da shi, wato na'urar da ba ta san harafi ba, ya kau. Maɓallan rubutun Hausa suna samuwa kyauta a wayoyin zamani, sai dai a shiga saiti a kunna su.

Saboda haka nauyin ya dawo kan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Malamin da ya koyar da ƙ a allon aji yana iya ƙara minti goma ya nuna inda take a waya. Ƙungiyar da za ta ba da aikin gina shafi tana da haƙƙin gindaya sharuɗɗa kafin ta biya: a buga da Unicode, a sa alamar harshe, a gwada haruffa takwas ɗin manya da ƙanana, a buɗe shafin da ƙaramar waya a ƙauye kafin a ce an gama, a haɗa rubutu da murya domin waɗanda ba su yi karatu ba. Tsofaffin littattafan yaƙi da jahilci da tatsuniyoyi da waƙoƙin Adar da ke kwance cikin kwamfutocin da suka tsufa suna jiran wanda zai mayar da su bisa ƙa'ida tun ba su salwanta ba. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. An yi fiye da shekara 100 ana nemar wa ƙugiya ɗaki a cikin na'ura, yanzu da ɗakin ya samu bai kamata a bar shi kango ba.